Wa Ya Raɗa Wa Fengwin Suna?

Tsibirin Jojiya ta Kudu yana can ƙuryar kudancin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,400 daga tsibiran Falkland. Ba shi da filin jirgin sama, ba shi da gari, sai duwatsu masu ƙanƙara da iska mai neman kayar da mutum. Duk mai son zuwa sai ya kwana biyu ko uku a jirgin ruwa yana fama da igiyar teku. Abin da ke jan mutane zuwa can shi ne tsuntsun nan mai tafiya a miƙe, bayansa baƙi, ƙirjinsa fari, wanda ba ya tashi sama amma ya fi kifaye da yawa iya ninƙaya. A gaɓar St Andrews kaɗai ma'aurata kusan 150,000 ne ke taruwa don ƙyanƙyasa. Tun jirgi bai tsaya ba ake jin kukansu, ake kuma jin warinsu.

Da an sauka, mai yi wa baƙi jagora zai fara nuni da yatsa: wancan shi ne sarki, wancan mai zanko makaroni ne, wancan mai jan baki jentu ne. Baƙo ya rubuta, ya ɗauki hoto, ya wuce. Amma wa ya naɗa wancan sarki? Me ya haɗa tsuntsun ƙanƙara da makaronin da muke dafawa? Ina aka samo jentu? Hausawa sun ce suna linzami ne. Na bi linzamin waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma inda yawancinsu suka kai ni shi ne wurin mutanen da suka zo cikin jirage: yunwarsu, fadancinsu, ba'arsu da kurakuransu. Kaɗan ne suka kai ni wurin tsuntsun.

A fara da sunan gidan gaba ɗaya. Kalmar penguin, wadda bakin Bahaushe ke mayarwa fengwin, ba tsuntsun kudu aka raɗa wa ita ba. Asalinta sunan wani tsuntsu ne dabam da ya rayu a arewacin Atlantika, daga gaɓar Kanada zuwa Aislan da tsibiran Sikotlan. Tsayinsa ya kai santimita 80, nauyinsa kilo 5, yana da tabo fari tsakanin ido da baki, ba ya tashi, kuma a tsaye yake zama bisa dutse. Masana harshe sun kasu kan tushen kalmar. Wasu sun ce daga harshen mutanen Wales ta fito, inda pen gwyn ke nufin farin kai. Wasu sun ce daga Latin ne, pinguis, wato mai ƙiba. Ko wanne ne, matuƙan jiragen Turai sun san tsuntsun a matsayin guzuri. A tsibirin Funk da ke kusa da Newfoundland sun yi ta karkashe shi don nama da kitse, daga baya don gashinsa na cika matashi, har ya ƙare a can kafin shekarar 1800.

Da waɗannan matuƙa suka gangara kudu suka tarar da wani tsuntsu baƙi da fari, mai tsayuwa a miƙe, wanda ba ya tashi, sai kawai suka kira shi da sunan wanda suka sani a gida, alhali kuwa babu dangantakar kusa tsakaninsu. Ba sunan kaɗai suka kawo ba, har da halin. Labarin tafiyar Francis Drake ya nuna cewa a shekarar 1578, a mashigin Magellan, mutanensa sun kashe guda 3,000 a yini ɗaya suka loda a jirgi. Shi kuwa mai sunan na asali, a watan Yunin 1844 aka shaƙe ma'aurata na ƙarshe da aka tabbatar da su a tsibirin Eldey kusa da Aislan, saboda wani ɗan kasuwa yana son gawarsu don masu tara kayan tarihi, aka kuma take ƙwan da suke kwanci a kai. Har yau a littattafan kimiyya sunan Pinguinus na wannan mamacin ne, babu fengwin ko ɗaya na kudu da ke amsa shi. Duk lokacin da muka ce fengwin, sunan tsuntsun da ɗan'adam ya shafe daga doron ƙasa muke ambata.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san wannan ruɗani ta wata fuska. A Faransanci pingouin na tsuntsayen arewa ne, shi kuwa na kudu manchot ake ce masa, wato mai dungu, saboda fikafikansa gajeru. Duk da haka a cikin tsibiran Crozet, mallakar Faransa, akwai wanda ake kira Île des Pingouins, tsibirin da babu pingouin ko ɗaya a kansa. Masu zanko kuwa Faransawa na ce musu gorfou, kalmar da ita ma ta samo asali daga sunan da mutanen arewacin Turai ke kiran wancan tsuntsu na Eldey. Ke nan sau biyu aka gaji mamacin.

Sauran al'ummu ma da abin da suka sani suka auna fengwin. Antonio Pigafetta, wanda ya bi Magellan a 1520, dinya ya kira su. Sinawa har gobe dinya mai tsayuwa suke cewa. Mutanen Vasco da Gama da suka tsaya a gaɓar Afirka ta Kudu a 1497 sun rubuta cewa sun ga tsuntsaye marasa tashi masu kuka irin na jaki, kuma sunan jaki ya bi wannan jinsi shekaru aru-aru kafin a koma kiransa fengwin na Afirka. Mutanen Sifaniya sun ce masa tsuntsu wawa, domin ba ya gudun mutum. Wannan suna yana da ciwo, don kuwa rashin gudun ba wauta ba ce: a tsibiran da yake ƙyanƙyasa bai taɓa sanin maƙiyi mai ƙafa biyu ba. Larabawa kuwa suka ba shi baɗriƙ, kalmar da a dā ake kiran manyan hakiman Rumawa da ita.

Wannan ya kawo mu ga sunayen sarauta, waɗanda har uku ne. Wanda ke cika gaɓar St Andrews shi Turawa suka kira sarki, domin lokacin da suka gan shi ba su san wanda ya fi shi girma ba: tsayinsa ya haura santimita 90, ga ruwan zinariya a wuyansa da gefen kansa. Daga baya aka gano wani a kan ƙanƙarar Antaktika da ya fi shi, mai nauyin da kan kusanci kilo 40. Sunan sarki ya riga ya tafi, sai aka ɗaga wannan zuwa sarkin sarakuna. George Robert Gray na gidan tarihin Birtaniya ne ya bambanta shi a rubuce a 1844, shekarar da aka kashe na Eldey. Ɗan tsakon sarki ma ya taɓa samun suna nasa na kansa. Gashinsa ruwan ƙasa ne, buzu-buzu, bai yi kama da iyayensa ba ko kaɗan, har masu binciken farko suka ɗauka wani jinsi ne dabam suka kira shi fengwin mai ulu. Da sun daɗe a wurin da sun ga yadda yake zubar da gashin ya fito sak iyayensa, domin renon ɗa guda yakan ci wata 14 zuwa 16. Amma baƙo raɓa ne.

Na uku shi ne wanda Turawan Ingila suka kira royal, wato ɗan gidan sarauta. A duk duniya ba ya ƙyanƙyasa sai a tsibirin Macquarie da 'yan duwatsun da ke kusa da shi, kilomita 1,500 kudu maso gabas da Tasmaniya. Tsibirin siriri ne, tsawonsa kilomita 34. Wani matuƙi mai suna Frederick Hasselborough ya ci karo da shi a 1810 yana neman dabbobin teku masu gashi da kitse da ake kira sil, ya sa masa sunan gwamnan da ke mulkin New South Wales a lokacin. Cikin 'yan shekaru aka ƙarar da sil masu gashi, aka koma kan masu kitse. Da su ma suka yi ƙaranci, wani ɗan kasuwa daga Niyu Zilan, Joseph Hatch, ya kafa manyan tukwanen ƙarfe masu aiki da tururi a bakin gaɓa. Daga wajajen 1890 zuwa 1919 ma'aikatansa suna kora fengwin garke-garke, suna kashewa, suna dafawa don mai. Sun fara da sarki, suka koma kan ɗan gidan sarauta. Kowane tsuntsu bai fi rabin lita yake bayarwa ba, don haka sai an kashe dubun dubata kafin a cika ganguna, kuma jimillar waɗanda suka shiga tukunya ta kai miliyoyi. Sunan sarauta bai hana ko ɗaya shiga ba.

Abin da ya ci Doma ya kusa cin Awe. Abin da ya tsayar da wannan kisa shi ne mutane irin su Douglas Mawson, mai binciken Antaktika, waɗanda suka ga tukwanen da idonsu suka tayar da murya, har gwamnatin Tasmaniya ta ƙi sabunta izinin. A 1933 aka mai da tsibirin wurin kare namun daji, a 1997 ya shiga jerin wuraren gadon duniya na UNESCO. Tukwanen suna nan sun yi tsatsa, tsuntsayen sun dawo da yawansu suna zagaye su.

Makaroni kuwa sunan ba'a ne. A Ingila ta wajajen 1760 zuwa 1770 akwai samarin masu kuɗi da kan je yawon buɗe ido Italiya, su dawo da son abincin can da ado mai wuce kima, musamman dogon gashin kanti da suke ɗorawa a ka. Mutanen gari suka riƙa kiransu makaroni, wato 'yan gayu. Da matuƙan Ingila suka ga tsuntsu mai zanko ruwan zinariya da ya taso daga goshi ya kwanto gefe biyu, sai suka tuna da waɗancan samari. An manta da 'yan gayun tuni, tsuntsu ya ci gaba da ɗaukar tsokanar da aka yi musu. Sunan bai gaya maka cewa yana cikin jinsunan da suka fi kowanne yawa ba, da ma'aurata sama da miliyan shida, ko cewa yawan nasa na raguwa. Bai kuma gaya maka abin mamakin da ke tattare da shi ba: macen takan saka ƙwai biyu, na farko ƙarami, na biyu babba, kuma kusan kullum na biyun kaɗai ake renawa.

Wanda aka fi zalunta wajen suna shi ne jentu, mai jan baki da farin zane da ya ratsa kansa daga ido zuwa ido. Kalmar daga Indiya ta zo. Turawan Fotugal sun kira mabiya addinin Hindu gentio, wato arna, don bambanta su da Musulmi. Turawan Ingila suka ara suka mai da ita gentoo, har a 1776 suka buga littafin dokokin Hindu da wannan kalma a bangonsa. Bayanin da aka fi kawowa shi ne cewa farin zanen kansa ne ya tuna wa matuƙa rawanin mutanen Indiya. Kalmar raini ce da aka yi wa al'umma guda, Indiya ta yar da ita, ta maƙale a jikin tsuntsu.

Sunansa na kimiyya ma bai tsira ba: Pygoscelis papua. Papua dai ita ce Niyu Gini, ƙasar zafi da kurmi, inda babu fengwin ko na magani. Yadda abin ya faru shi ne, wani Bafaranshe mai suna Pierre Sonnerat ya wallafa littafin tafiyarsa zuwa Niyu Gini a 1776, ya sa zanen fengwin har iri uku a ciki yana cewa a can ya gan su. Johann Reinhold Forster, masanin da ya raka Kyaftin James Cook a tafiyarsa ta biyu, ya gaskata shi, ya rubuta sunan papua a 1781. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta haura shekara 240 tana nan daram, domin dokar sanya wa dabbobi suna ta ce wanda aka fara rubutawa shi ne ke zama, kuma ba a soke shi don kawai ma'anarsa ba ta dace ba. Dokar tana da hujja: da kowa zai sauya suna duk sanda ya ga aibinsa, da masanan Japan da na Ajantina ba su san suna magana kan tsuntsu ɗaya ba. Sai dai farashinta shi ne Faransawa har yau suna kiransa manchot papou, yara suna haddacewa. Tsuntsun da ya fi kowane fengwin gudu a ƙarƙashin ruwa, wanda kan kai kilomita 36 a awa, ba a samo masa suna daga wannan baiwa ba.

Sunayen tsibiran su ma haka suke. Cook ya sauka a Jojiya ta Kudu ranar 17 ga Janairun 1775, ya sa mata sunan sarkinsa George na Uku, ya kira inda ya sauka Gaɓar Mallaka. Ya yi zaton ya gano babbar nahiyar kudu, da ya kewayo ƙarshen ƙasar ya ga ashe tsibiri ne, sai ya kira wurin Tsinin Takaici. A ƙarshen 1776 ya isa Kerguelen, ya ce wurin ya cancanci a kira shi Tsibirin Kufai, alhali rai ne maƙil a gaɓarsa. Grytviken, tashar da Carl Anton Larsen ya kafa a 1904 don sarrafa kitsen manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel, ma'anarta gaɓar tukwane, saboda tsofaffin tukwanen narka kitse da aka tarar a wurin. A Crozet akwai Tsibirin Aladu, don aladun da mafarauta suka saki a kansa. A Zavodovski, tsibiri mai aman wuta inda fengwin sama da miliyan guda ke zaune, taswira cike take da sunayen wari da ɗoyi, dutsen kansa ana ce masa Dutsen Shaƙewa. Kowane suna labarin yadda baƙon ya ji ne a ranar da ya zo.

Akwai sunayen da suka dubi tsuntsun, kuma da ka ji su ka san an dube shi. Akwai mai tsallen duwatsu, wanda ke haɗa ƙafafu biyu ya yi ta tsalle yana hawa gangare. Akwai mai igiyar haɓa, saboda siririn baƙin layi da ya zagaye ƙarƙashin haɓarsa. Sunayen da masana suka ƙera daga Girkanci ma wasunsu sun yi adalci: Aptenodytes na nufin mai nutso marar fiffike, Eudyptes gwanin nutso, chrysolophus mai zankon zinariya. Mafi daɗinsu a wurina shi ne hoiho. Haka Maori, mutanen asali na Niyu Zilan, ke kiran fengwin mai rawayan ido da ke zaune a gaɓarsu da tsibiran Auckland da Campbell, kuma ma'anar ita ce mai ihu. Tsuntsu ne mai kunya da ke ɓoye sheƙarsa cikin kurmi, sau da yawa muryarsa ake ji kafin a gan shi. Sai wanda ya zauna da shi zai raɗa masa wannan suna. Yau hotonsa na kan takardar dala biyar ta ƙasar, kuma da hoiho 'yan ƙasar suka fi saninsa.

A Tristan da Cunha, tsibirin da mazaunansa ba su kai 300 ba, kalmar Turanci ta narke a bakin mutane ta zama pinnamin. A watan Maris na 2011 jirgin dakon kaya mai suna Oliva ya fashe a tsibirin Nightingale da ke kusa, mai ya malala ya lulluɓe dubban tsuntsaye. Mutanen Tristan suka kwaso sama da 3,000, suka mai da wurin wankan garinsu asibiti, suna wanke su suna ba su kifi da hannu. Da yawa ba su rayu ba, amma hakan ya nuna yadda mutane ke ɗaukar abin da suka ba wa suna da bakinsu.

Kada a ɗauka zancen suna hira ce ta masana kawai. Wannan pinnamin na Tristan an daɗe ana lissafa shi tare da sauran masu tsallen duwatsu a matsayin jinsi ɗaya. Da bincike ya nuna a 2006 cewa muryarsa da zankonsa da ƙwayoyin halittarsa dabam ne, aka ba shi matsayin jinsi mai zaman kansa, Eudyptes moseleyi. Sai a lokacin aka ƙirga shi shi kaɗai, aka ga irin raguwar da ya yi, aka sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Abin da ba shi da suna ba ya shiga lissafi, abin da bai shiga lissafi ba kuwa yakan tafi ba a sani ba. A Tsibirin Aladu, matattarar sarki da ta kai ma'aurata kusan 500,000 a shekarun 1980 ta koma kusan 60,000, kamar yadda hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna a binciken da aka wallafa a 2018. Fengwin na Afirka, maƙwabcinmu a nahiya, a 2024 aka sa shi a matakin da daga shi sai ƙarewa.

Hausa ba ta riga ta raɗa wa waɗannan tsuntsaye suna ba, kuma ina ganin wannan dama ce. Kakanninmu da suka ji kukan wata agwagwar fadama suka ce mata kirinjijiya, kunne suka sa kafin su buɗe baki, irin yadda Maori suka yi wa hoiho. Kalmar fengwin mu karɓe ta, tunda duniya ta san ta, amma mu karɓe ta da tarihinta. A wajen jinsuna kuwa babu abin da ya tilasta mana kwaso ba'ar samarin Landan, ko rainin da aka yi wa mutanen Indiya, ko ƙaryar Sonnerat. Muna iya cewa mai zankon zinariya, mai farin zane a ka, mai igiyar haɓa, mai tsallen duwatsu, mai rawayan ido, sannan mu ajiye sunan kimiyya a gefe don mai son ƙarin bincike. Kira nake ga malaman makaranta da masu fassara labarai a rediyo da talabijin da masu rubuta littattafan yara: kafin ku sa wa kowace halitta suna da Hausa, ku dube ta da kyau, ku saurare ta, ku kuma binciki inda sunan da za ku ara ya fito.